Yadda ake gina ƙaramin shafin intanet a kan fanni guda domin samun kuɗin talla

Matasa da yawa a Katsina, musamman waɗanda suka kammala karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman suna zaman jiran aiki, sun ji labarin cewa ana buɗe shafi a intanet a riƙa samun dala ta hanyar talla. Labarin gaskiya ne, sai dai akasarin masu gwadawa sukan buɗe shafi mai ɗauke da komai da komai, siyasa da ƙwallon ƙafa da tsegumin 'yan fim da sanarwar ɗaukar aiki, su yi ta kwafo rubutun wasu na 'yan watanni, daga nan su gaji su watsar. Hanyar da zan bayyana a nan ta bambanta da wannan: mutum ya ɗauki fanni guda ƙarami wanda ya sani ciki da waje, ya rubuta amsoshin tambayoyin da jama'a ke nema a kansa, har injin bincike na Google ya riƙa turo masa masu karatu, sannan ya sanya talla a shafin. Aiki ne mai cin watanni kafin a ga sisin kwabo, kuma ya kamata mai niyyar shiga ya san haka tun daga farko.

Mataki na farko shi ne zaɓen fanni, kuma a nan ne mafi yawan shafuka ke tsayuwa ko su faɗi. Idan ka ce za ka yi rubutu a kan labaran duniya, to kana gogayya ne da BBC Hausa da Aminiya da sauran manyan gidajen jarida masu ma'aikata da yawa. Idan ka ce kiwon lafiya ko harkar zuba jari, ka sani Google yana tsananta awo a kan irin waɗannan fannoni, domin bayanin da ba daidai ba yana iya jawo wa mai karatu asarar lafiya ko dukiya, saboda haka ya fi fifita asibitoci da hukumomi da ƙwararru. Abin da ya rage wa mai farawa shi ne abin da ke ƙofar gidansa wanda baƙo ba zai iya rubutawa kamar yadda shi zai rubuta ba. Mutumin Funtuwa ya san auduga, mutumin Dandume ya san cinikin masara da ajiyarta, wanda ke kusa da madatsar ruwa ta Zobe ko ta Jibiya ya san noman rani, ɗan Daura kuma ya san Rijiyar Kusugu da Sallar Gani da abin da baƙo ke buƙatar sani kafin ya zo kallon hawa. Shafin irin wannan kamar rumfa ce ta mai sayar da kaya iri ɗaya a kasuwa, wanda duk mai neman wannan kayan ya san inda zai nufa kai tsaye.

Zan ɗauki kiwon ragunan layya a matsayin misalin da zan riƙa komawa gare shi, domin sana'a ce da ake yi a gidaje da yawa daga Katsina har Daura, kuma ana neman bayani a kanta har daga Legas da Ibadan da Abuja, inda ake kai ragunan. Kafin ka amince da kowane fanni, ka gwada shi da tambayoyi uku. Shin za ka iya zama yanzu ka jera batutuwa 40 a kansa a takarda ba tare da ka leƙa shafin kowa ba? Shin akwai masu sayar da wani abu a fannin, kamar abincin dabbobi da magani da kayan aiki, waɗanda za su so yin talla? Shin bayanin zai ci gaba da amfani bayan shekara biyu ko uku? Labarin siyasa yana tsufa cikin kwana biyu, amma bayanin yadda ake gane shekarun rago ta haƙoransa yana nan daram har illa Masha Allahu.

Bayan fanni sai batun harshe, kuma wannan shi ne abin da ake yawan ɓoye wa masu farawa a ƙasar Hausa. AdSense, wato tsarin tallan Google da aka fara a shekarar 2003, yana da jerin harsunan da ya amince a sanya tallansa a kansu. Turanci da Larabci da Faransanci suna ciki, amma har zuwa lokacin da nake wannan rubutu Hausa ba ta ciki, kuma ƙa'idar kamfanin ta hana sanya lambar tallansa a shafin da akasarin rubutunsa yake da harshen da ba ya cikin jerin. Abin yana yi mini ciwo, ganin yawan masu karanta Hausa a Najeriya da Nijar da Gana da Sudan, amma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Ka duba jerin da kanka a shafin taimako na AdSense kafin ka fara, domin akan ƙara harsuna lokaci zuwa lokaci. Hanyoyi biyu ne a gabanka. Ko dai ka rubuta shafin da Turanci mai sauƙi ka nemi tallan Google, ka ware wani sashe na Hausa wanda ba ka sanya lambar talla a cikinsa ba, ko kuma ka rubuta shi da Hausa zalla ka nemi talla kai tsaye daga 'yan kasuwa, wanda zan yi bayaninsa a gaba. Duk wanda ya ce maka yana da dabarar yaudarar Google ya karɓi shafin Hausa, ta hanyar cika shi da Turanci har a amince sannan a goge, yana kai ka ne ga rufe asusu.

Mataki na uku shi ne gano ainihin abin da mutane ke tambaya, kuma ba ka buƙatar sayen wata manhaja domin wannan. Buɗe Google ka fara rubuta jimla a kan kiwon rago, ka lura da ƙarashen da yake kawo maka kafin ka gama, domin waɗannan abubuwa ne da wasu suka riga suka nema. Ka duba akwatin ƙarin tambayoyin da ke fitowa a tsakiyar sakamako da jerin binciken da ke ƙasan shafi, ka rubuta su duka a littafi. Daga nan ka shiga Google Trends, wanda kyauta ne, ka zaɓi Najeriya, ka ga watannin da neman ke tashi. A fannin raguna za ka tarar neman yana hauhawa ne gab da Babbar Sallah, abin da ke nufin dole rubutunka ya kasance a intanet watanni huɗu zuwa shida kafin lokacin, domin sabon shafi yana ɗaukar lokaci kafin ya hau sama. Kowace tambaya ka buɗe shafuka goma na farko da suka amsa ta. Idan ka ga amsoshin gajeru ne, ko an rubuta su ne a kan tumakin Ingila da Ostareliya waɗanda abincinsu da yanayinsu suka sha bamban da namu, to ka samu gurbi. Idan kuwa jami'o'i da manyan hukumomi sun cika wurin da bayani mai kyau, ka wuce zuwa wata tambayar.

Sai sayen suna da masauki. Sunan shafi shi ne adireshin da ake rubutawa a shiga, masauki kuma shi ne kwamfutar kamfanin da ke riƙe da rubutunka da hotunanka dare da rana. Sunan da ya ƙare da .com yakan kai dala 10 zuwa 15 a shekara, wanda ya ƙare da .com.ng kuwa ya fi araha, kuma ana biyansa da naira ta hannun kamfanonin da hukumar NiRA, mai kula da sunayen .ng, ta amince da su. Idan masu karatunka 'yan Najeriya ne, .com.ng ya wadatar. Ka zaɓi suna gajere wanda za a iya faɗa a waya ba tare da an nemi ka maimaita ba, kuma ka tabbatar rajistar da sunanka da imel ɗinka aka yi, ko da wani ne ya taya ka aikin, domin an sha ganin wanda ya gina shafi shekara guda sannan ya gano cewa mallakar tana hannun wanda ya buɗe masa. Ka duba kuɗin sabuntawa na shekara ta biyu kafin ka biya na farko, saboda rangwamen farko yakan ɓoye tsadar da ke tafe. Wanda ba shi da kuɗin masauki yana iya farawa da Blogger, wanda mallakar Google ne kuma kyauta ne, ya haɗa shi da sunan da ya saya. Ni dai na fi ba da shawarar WordPress, tsarin gina shafi da ake girkawa a masauki, wanda ya fito tun 2003 kuma yau yake ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, domin duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ya warware ta ya rubuta.

Kafa WordPress ba ya cin lokaci, akasarin kamfanonin masauki suna da maɓallin da ke girka shi cikin mintuna. Ka kunna takardar tsaro ta SSL, wadda ake samu kyauta ta Let's Encrypt, domin adireshinka ya fara da https. Ka zaɓi fuskar shafi mara nauyi, ka sanya ƙarin manhaja guda ta taimakon bincike, Yoast ko Rank Math, da guda ta ajiye kwafin shafin duk mako, ka tsaya a nan. Masu karatunka da waya za su shigo, wasu da data ƙalilan a wurin da sabis ke rawa, kuma Google kansa fuskar waya yake dubawa wajen auna shafi. Saboda haka kowane hoto ka rage masa nauyi kafin ka ɗora, ka gwada saurin shafin a PageSpeed Insights, sannan ka buɗe shi da ƙaramar waya mai araha ka ga yadda yake.

Yanzu mun zo ga rubutun kansa, wanda shi ne kashi mafi girma na aikin. Kowace maƙala ta amsa tambaya guda, kuma amsar ta zo a sakin layi na farko, sannan bayani ya biyo baya. A ɗauki tambayar irin ragon da ya fi dacewa a saya domin kiwo. Wanda ya kwafo daga intanet zai ce a zaɓi lafiyayye mai kyawun jiki, ya tsaya. Kai kuwa da za ka iya zuwa kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, za ka bambance wa mai karatu Balami, fari mai girman jiki da faɗuwar kunne, da Uda mai launi biyu, gaba duhu baya fari, da 'Yankasa wanda ya fi yawa kuma ya fi sauƙin kuɗi. Za ka nuna da hoton da ka ɗauka da wayarka yadda dillali ke buɗe bakin rago ya duba haƙora, yadda yake shafa gadon baya ya ji nama, yadda yake duba ido da hanci da ƙarƙashin wutsiya don gano zawo. Za ka faɗi abin da ake ba shi a gida, harawar gyaɗa da ta wake, kowa, dusa, angurya, da ɗan kanwa a ruwan sha, da lokacin da harawa ke araha bayan girbi da lokacin da take tsada a bazara. Idan ka kawo farashi, ka rubuta ranar da kasuwar da ka ji shi. Wannan irin bayani ne babu wanda zai iya ƙirƙirarsa daga ɗaki a wata ƙasa, kuma shi ne dalilin da zai sa a dawo shafinka.

Inda maganar ta shafi magani da rigakafi, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta. Ka tambayi likitan dabbobi, ka duba wallafe-wallafen cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya ko ta NVRI da ke Vom, ka faɗi inda ka samo bayanin, kuma ka shawarci mai karatu ya ga likita kafin ya yi wa dabba allura. Ka nemi izinin mutum kafin ka sanya hotonsa, kuma kada ka ɗauko hoton wani shafi, domin keta haƙƙin mallaka yana cikin abubuwan da ke hana samun talla. Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta maƙala cikin daƙiƙa, a watan Maris na 2024 Google ya fito da ƙa'idar hukunta shafukan da ke tara ɗimbin rubutu marasa amfani don kawai su hau sama, ko mutum ne ya rubuta ko na'ura, kuma shafuka da yawa sun ɓace daga sakamakon bincike a lokacin. Kana iya amfani da su wajen gyaran nahawun Turancinka, amma ilimin ya fito daga gare ka. Maƙala biyu masu kyau a mako sun isa, kuma kowace sabuwa ka haɗa ta da tsofaffin da suka danganci batunta, ta yadda wanda ya karanta zaɓen rago zai wuce zuwa abincinsa, daga nan zuwa lissafin riba.

Da zarar ka wallafa maƙaloli biyar ko goma, ka yi wa shafin rajista a Google Search Console, ka miƙa taswirar shafin, wato jerin adireshin maƙalolinka, da Yoast ko Rank Math ya samar. A nan za ka riƙa ganin kalmomin da aka nema har aka gan ka, da matsayin da kake, da shafukan da Google bai ɗauka ba. Watannin farko lambobin za su kasance ƙanana ƙwarai, kuma haka abin yake ga kowa. Ka riƙa tura maƙalolin zuwa zaurukan WhatsApp da Facebook na makiyaya da manoma inda za su yi amfani, amma kada ka sayi baƙi daga masu cewa za su turo maka dubban mutane, domin na'urori ne, kuma su ne ke jawo a rufe asusun talla.

Kafin ka nemi AdSense, ka tanadi shafin bayanin kanka da na hanyar tuntuɓarka da na manufar sirri, wanda ke bayyana cewa ana tattara wasu bayanan masu ziyara domin talla. Google yana buƙatar wannan na ƙarshe, kuma Najeriya ma tana da dokar kare bayanai ta 2023. Kamfanin bai ƙayyade adadin maƙaloli ba, amma shawarata ita ce ka jira sai kana da 25 zuwa 30 masu nauyi kuma baƙi sun fara shigowa daga bincike. Dole ka kai shekara 18, kuma asusu guda ake yarda mutum ya mallaka. Ka rubuta sunanka daidai da yadda yake a katin shaidarka da asusun bankinka, harafi da harafi, domin bambanci tsakanin Muhammad da Mohammed kaɗai yana iya tsayar da biya. Dubawar takan ɗauki 'yan kwanaki zuwa makonni huɗu. Idan aka ƙi ka da cewa rubutun ba shi da isasshen amfani, ka ƙara zurfin maƙalolin, ka cire raunana, ka sake nema bayan wasu makonni. Idan aka karɓa, ka sanya ɗan fayil ɗin ads.txt da za a ba ka a masaukin shafin.

Abu na farko da ya kamata Musulmi ya yi bayan an karɓe shi shi ne ya shiga sashen toshe tallace-tallace na asusunsa. A can akwai rukunoni irin su caca da giya da neman abokan soyayya da tallan samun kuɗi cikin dare ɗaya, kuma kana da ikon rufe kowanne, har da rukunin bashi idan kana gudun tallan bashi mai kuɗin ruwa. Akwai kuma wurin da ake ganin tallan da suka fito a shafinka ɗaya bayan ɗaya a toshe wanda bai dace ba. Wannan yana iya rage kuɗin da ke shigowa kaɗan, kuma a ganina ragin ya cancanta, domin dattijon da ya shigo neman bayanin ragon layya bai kamata ya ci karo da hoton da zai sa ya rufe wayarsa ba. Haka nan kada ka taɓa danna tallan shafinka, kada ka ce wa ƙannenka ko abokanka su danna, kada ka shiga ƙungiyoyin danna mini in danna maka. Google yana gane wannan cikin sauƙi, yana rufe asusu ya mayar wa masu talla kuɗinsu, sannan ko ba a kama ka ba cin dukiyar mai talla ne ba da haƙƙi ba.

Lissafin kuɗin yana tafiya ne da abin da ake kira RPM, wato abin da ka samu a kan kowane buɗe shafi 1,000. A matsayin misali kawai, idan RPM ɗinka dala 1 ce, kana buƙatar a buɗe shafukanka sau 100,000 kafin ka tara dala 100. Adadin yana hawa ko sauka gwargwadon fanni da ƙasar mai karatu, kuma baƙo daga Amurka ko Ingila ya fi na Najeriya kawo kuɗi nesa ba kusa ba, saboda masu talla a can sun fi biya. Idan kuɗinka ya kai dala 10, za a aiko maka da lambar tantancewa a takarda ta gidan waya, kuma kana da wata huɗu ka shigar da ita. A nan mutanenmu ke shan wahala, domin adireshi irin na bayan masallaci a cikin lungu ba ya kai wasiƙa. Ka ba da adireshin da ma'aikacin gidan waya zai iya ganewa, mai lambar gida da sunan titi, kuma ka riƙa leƙawa ofishinsu kana tambaya. Ba a biya sai kuɗi ya kai dala 100, kuma ana turawa ne tsakanin ranar 21 da 26 ga wata ta hanyar banki. Ka buɗe asusun dala a bankinka tun da wuri, ka karɓi lambar SWIFT ɗinsu, wato lambar da ake gane bankin da ita wajen turo kuɗi daga ƙasar waje, ka shigar da ita daidai.

Ga wanda ya zaɓi rubutu da Hausa, har ma da mai Turancin, talla kai tsaye takan fi ta Google albarka a ƙaramin fanni. Idan shafinka na kiwon raguna yana samun masu karatu ko da 'yan dubbai ne a wata, ka ɗauki hoton alƙaluman Search Console ka je wurin mai shagon magungunan dabbobi, da mai sayar da dusa da harawa, da mai motar da ke ɗaukar dabbobi zuwa kudu. Ka nuna musu cewa duk wanda ke karanta shafin mai kiwo ne ko mai shirin saye, ka yi musu farashin wata guda da naira, ku rubuta yarjejeniyar a takarda da ranar farawa da ta ƙarewa. Ka sanya alamar cewa talla ce a kan kowane irin wannan sanarwa, kuma kada ka karɓi tallan maganin da ba shi da lambar NAFDAC komai kuɗin da aka ba ka, domin ranar da dabbar wani ta mutu ta dalilin abin da ya gani a shafinka, amanar da ka gina ta tafi.

Bayan shafin ya fara kawo kuɗi, aikin ya koma kulawa. Duk bayan wata uku ka buɗe Search Console ka ga maƙalolin da ke shafi na biyu na sakamako, ka ƙara musu bayani da sababbin hotuna da farashin bana, domin ɗaga tsohuwar maƙala ya fi rubuta sabuwa sauƙi. Tun 2024 Google ya fara sanya taƙaitacciyar amsa ta na'ura a saman sakamako, abin da ya rage shigowar baƙi ga shafukan da ke ba da amsa ta layi ɗaya, saboda haka ka buɗe tashar WhatsApp ko jerin imel domin masu karatunka su riƙa samun sabon rubutu kai tsaye. Ka sanya ranar sabunta sunan shafi da masauki a kalandar wayarka da wata guda kafin wa'adi, ka ajiye kwafin shafin a wuri biyu. Shafi na biyu kuwa, a kan noman rani ko ajiyar hatsi, kada ka fara shi sai na farko ya biya kuɗin masaukinsa da na data na tsawon watanni a jere.